Makon Zaɓen Sororiti a Jami'o'in Amurka: Jagora Ga Sabuwar Ɗaliba

A watan Agusta na kowace shekara, tun kafin a buɗe aji, 'yan mata sama da 2,000 kan hallara a Jami'ar Alabama da ke garin Tuscaloosa don neman shiga ƙungiyoyin ɗalibai mata da ake kira sororiti. Sukan shafe fiye da mako guda suna zagaya gidajen ƙungiyoyin a cikin zafin rana, ana hira da su, suna zaɓe ana zaɓensu. A 2021 abin ya bazu a TikTok, har waɗanda ba su taɓa taka Amurka ba suka riƙa bibiyar kayan da 'yan matan ke sawa kowace safiya. Bidiyon yana nuna riga da takalmi da 'yan kunne, amma ba ya nuna kuɗin da za a biya, ba ya nuna dokoki, ba ya nuna takardar da ake sa wa hannu a daren ƙarshe. Waɗannan ne nake so ki sani, ƙanwata, idan kin samu gurbin karatu a can kuma abin ya ba ki sha'awa.

Sororiti ƙungiya ce ta zumunci tsakanin ɗalibai mata, mai suna da haruffan Girka, mai rassa a jami'o'i da yawa. Asalinta tsoho ne. Wadda ake kira Alpha Delta Pi ta faro a 1851 a kwalejin mata ta Wesleyan da ke Macon a jihar Jojiya, Kappa Alpha Theta kuma a 1870 a jihar Indiyana, a zamanin da mace a jami'a abar kallo ce, sai 'yan matan suka haɗa kai don su tallafi juna. A yau ƙungiyar kan ba 'ya'yanta wurin kwana da abinci, da ƙawaye, da aikin agaji, da tsofaffin 'yan ƙungiya da za su iya buɗe musu ƙofar aiki bayan kammala karatu.

Ranar da kika kira gida kika ce za ki shiga ƙungiya mai rantsuwa, Mama za ta yi salati, kuma tana da hujja. A Najeriya, Wole Soyinka da abokansa shida sun kafa ƙungiyar Pyrates a Ibadan a 1952, daga baya wasu ƙungiyoyi suka ɓalle ko suka kwaikwaye ta, suka rikiɗe zuwa ƙungiyoyin asiri masu zubar da jini a makarantu. Ki yi mata bayani a tsanake: sororiti tana da rajista da jami'a, akwai ofishin da ke sa mata ido, gidanta na bakin titi da sunanta a rubuce a sama. Amma kada ki ɓoye mata cewa akwai bikin shigarwa da ba a bayyana wa bare abin da ke cikinsa. Zan dawo kan wannan a ƙasa, domin a ganina shi ne abin da ya fi cancantar tunaninki.

Fara da sanin ƙofar da za ki ƙwanƙwasa

Makon zaɓen da ake gani a TikTok na ƙungiyoyi 26 ne da ke ƙarƙashin majalisar NPC (National Panhellenic Conference), uwar ƙungiya da ke haɗa su a ƙasa baki ɗaya, wadda aka kafa a 1902. Yawancin 'ya'yansu fararen fata ne, kuma tarihinsu da baƙar fata ba mai daɗi ba ne. A 2013 jaridar ɗaliban Jami'ar Alabama, Crimson White, ta fallasa yadda wasu tsofaffin 'yan ƙungiya ke hana a karɓi 'yan mata baƙaƙe duk cancantarsu. Sai da ɗalibai suka yi zanga-zanga, shugabar jami'ar ta lokacin Judy Bonner ta sa aka sake buɗe ƙofa, sannan aka karɓi wasu. An samu canji tun daga nan, amma ki shiga kina sane da wannan.

Akwai wata ƙofar. Ƙungiyoyin mata baƙar fata guda huɗu suna ƙarƙashin wata majalisar daban, NPHC (National Pan-Hellenic Council): Alpha Kappa Alpha da aka kafa a Jami'ar Howard a 1908, wadda Kamala Harris 'yarta ce, sai Delta Sigma Theta a 1913, Zeta Phi Beta a 1920, da Sigma Gamma Rho a 1922. Su ba sa yin makon zaɓe irin wannan. Galibi sai kin yi zango guda ko fiye a jami'a, makinki ya fito, kin riƙa halartar tarukansu an san fuskarki, kuma ba a son mai yawo tana shelar wadda take nema. Akwai kuma Mu Delta Alpha, ta Musulmi mata, da aka kafa a 2016 a Jami'ar Texas da ke Dallas, sai dai rassanta ba su da yawa. Ki duba shafin jami'arki ki ga waɗanda ke akwai kafin ki biya kuɗin rajistar komai. Sauran bayanin nan kan tsarin NPC ne.

Kuɗi

Nan ne mutane da yawa ke yin sakaci, alhali tun ran gini ran zane. A manyan jami'o'in kudu irin Alabama, abin da sabuwar 'yar ƙungiya ke biya a zangon farko kaɗai ya kai wajen dala 4,000, mai kwana a gidan ƙungiya kuma ta fi haka. A ƙananan jami'o'in da ƙungiyoyi ba su da gida, 'yan ɗaruruwa ne. Bayan wannan akwai ƙananan abubuwa da ba a rubutawa: rigar kowane taro, kyaututtuka, kayan liyafa, tarar rashin halartar taro. Idan da bizar ɗalibi ta F-1 kike, doka ta ba ki damar aikin cikin makaranta ne kawai na awa 20 a mako lokacin karatu, saboda haka kada ki yi lissafin cewa da albashinki za ki biya. Majalisar ƙungiyoyin kowace jami'a kan fitar da jadawalin kuɗi. Ki nemo shi, ki mayar da shi naira ko sefa, ki zauna da wanda ke biya miki karatu ku yi magana ta gaskiya. Idan ba zai yiwu ba, ki bari tun yanzu, ya fi a kore ki daga ƙungiya a tsakiyar shekara saboda bashi.

Rajista da abin da ake dubawa kafin a gan ki

Ki fara gano lokacin da jami'arki ke yi. Alabama da takwarorinta na kudu a Agusta suke yi, wanda ke nufin sai kin iso kwanaki kafin sauran ɗalibai, kin nemi izinin shiga ɗakin kwana da wuri, kin daidaita tikitin jirgi. Jami'ar Indiyana da Vanderbilt da Virginia kuwa sai Janairu, bayan kin yi zango guda. Wannan ya fi sauƙi ga baƙuwa, domin kin riga kin san gari.

Ana yin rajista ta intanet, a biya kuɗi, a tura hoto, da takardar makin sakandare, da taƙaitaccen tarihin abin da kika yi. Maki yana da nauyi ƙwarai. Gidaje da yawa suna son matsakaicin maki (GPA) na 3.0 cikin 4.0 ko sama, kuma sukan sauke mai ƙasa da haka tun zagayen farko ba tare da la'akari da daɗin hirarta ba. Idan da sakamakon WAEC ko NECO kika shigo, ki rubuta wa ofishin jami'a mai kula da ƙungiyoyin ki tambayi yadda za su lissafa shi, kada ki bar wurin babu komai. A tarihinki ki saka duk abin da kika riƙe: shugabancin ɗalibai, muhawara, koyar da yara a Islamiyya, aikin sa-kai a asibiti. Duk suna ƙirguwa.

A da, wasiƙar shaida daga tsohuwar 'yar ƙungiya kusan dole ce a kudu, kuma wadda uwarta ko yayarta ta taɓa zama 'yar gidan tana da fifiko. Daga 2020 zuwa yau ƙungiyoyi da yawa sun soke wannan fifiko, wasiƙar ma ta zama ganin dama a wurare da dama. Kada rashin sanin kowa ya hana ki. Sai kuma shafukanki na Instagram da TikTok: za a duba su, don haka ki fara dubawa.

Zagaye-zagayen

Ranar farko za a raba ku rukuni-rukuni, a ba kowane rukuni jagora da ake kira Rho Chi, ko Rho Gamma a wasu makarantun. Ita ma 'yar wata ƙungiya ce, amma ta ajiye alaƙarta na ɗan lokaci, ba za ta faɗa miki gidanta ba sai an gama. Ki riƙe ta da kyau. Ita za ki gaya wa kina buƙatar minti goma da wuri mai tsabta don azahar da la'asar, ita za ki gaya wa ba ki cin naman alade, ita za ki nema in kuka ya zo miki. Ki faɗa mata tun ranar farko, kada ki jira sai lokacin salla ya ƙure kina kan layi.

Zagayen farko na gabatarwa ne, za ki ga dukkan gidajen. Tun bayan annobar korona wasu jami'o'in sun mayar da shi na bidiyo. Na biyu na aikin agaji ne, inda kowane gida zai nuna miki abin da yake tara wa kuɗi: Delta Delta Delta tana taimaka wa asibitin yara na St. Jude da ke Memphis, Zeta Tau Alpha tana wayar da kai kan sankarar mama, Alpha Chi Omega kan cin zarafi a cikin gida, Delta Gamma kan makafi da masu raunin gani. Na uku na zumunci ne, hira ta fi tsawo, kuma galibi nan ake bayanin kuɗi da kwana a gida. Na ƙarshe shi ne zagayen fifiko, gida biyu kawai za ki iya zuwa a yawancin jami'o'i.

Ga yadda abin yake a ƙofa. Za a jera ku bisa haruffan suna, katin sunanki a ƙirji, wayarki da jakarki an bar su a waje. Sai a buɗe ƙofa ki tarar da 'yan mata cike da zaure har kan matattakala, suna tafi suna rera waƙar gidan da iya ƙarfinsu. Ɗaya za ta fito ta kira sunanki, ta ja ki cikin falon da mutum ɗari ke magana a lokaci guda. Kafin ki saba da ita, wata ta zo ta karɓe ta, sannan wata. Da gangan suke yin haka don mutane da yawa su san ki. Bayan kun fita kowace za ta ba ki maki. Ke ma da zarar kin fito ki ɗauki biro ki rubuta layi biyu a ɗan littafinki: da wa kika yi magana, me kika ji a ranki. Zuwa yamma gidajen duk za su cakuɗe miki in ba ki rubuta ba.

A jaka ki sa ruwa, da ɗan abin ci, da silifas na tafiya tsakanin gidaje, da filasta saboda takalmi, da ƙaramar fanka. Tuscaloosa a Agusta zafi ne mai gumi, ba irin busasshen zafin Sakkwato ba. Kaya kuwa, zagayen farko riga ce da ake raba wa kowa, sannan kwalliya ta riƙa ƙaruwa har zuwa na ƙarshe. Idan kina sa hijabi ki sa abinki tun ranar farko. Gidan da zai ƙi ki saboda shi a makon nan, ba za ki ji daɗin zama cikinsa shekara huɗu ba.

Hira

Tarbiyyarmu ta koya wa yarinya sunkuyar da kai da rage murya a gaban baƙi. A falon nan za a ɗauki hakan rashin sha'awa. Ki kalli mai magana da ke, ki ɗaga murya yadda za ta ji, ki ba da amsa mai ɗan tsawo. In an tambaye ki daga ina kike, kada ki ce Najeriya ki yi shiru. Ki ba ta labarin hawan salla, ko yadda kika bar ƙannenki a gida, ko dalilin da ya sa kika zaɓi karatun da kike yi. Cikin 'yan mata ɗaruruwa da ke ba da amsa iri ɗaya, taki za a tuna.

Akan gargaɗi masu neman shiga su guji zancen samari, giya, dukiya, siyasa da addini. Na yarda da huɗun farko, amma na ƙarshen yana buƙatar bayani. Abin da ake gudu shi ne gardama. Tambaya kan yadda za ki rayu a gidan kuwa haƙƙinki ce. Ki tambaya: akwai Musulma a cikinku? In ana azumi, mai dafa abinci kan ajiye wa mutum nasa? Wadda ba ta zuwa liyafar da ake shan giya, ana cin ta tara? Dokar NPC ta hana giya a cikin gidajen, amma liyafar da ake yi a waje da samari tana nan, kuma shekarun shan giya a Amurka 21 ne, kamun 'yan sanda a kan haka zai iya taɓa bizarki. Ki lura da fuskar mai amsawa, ba kalamanta kaɗai ba.

Kada ki kushe wani gida a gaban kowa. Idan wata ta ce miki an riga an ajiye miki gurbi, kada ki dogara da maganar, dokar NPC ta hana irin wannan alkawari kuma ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba.

Safiyar da takarda ta zo da gidaje kaɗan

Kowane dare za ki jera gidajen da kike son komawa, su ma su jera waɗanda suke son gani, kwamfuta ta haɗa. Kamar neman aure ne, sai ɓangarori biyu sun yarda. Da safe Rho Chi za ta miƙo miki jadawali, kuma mai yiwuwa gidan da kika kwana kina tunani ba ya ciki. Za ki ga wasu sun zauna a gefen titi suna kuka, wasu sun tattara sun koma ɗaki.

Ki fahimci dalili kafin ki yanke wa kanki hukunci. Akwai tsarin lissafi da ke tilasta wa gidajen da aka fi rububi su saki mutane da yawa tun da wuri, don kada a ja yarinya har ranar ƙarshe sannan a bar ta hannu rabbana. Saboda haka saukewar farko takan yi yawa, kuma sau da yawa maki ne ko adadi, ba wai an ga aibunki ba. Shawarata ita ce ki je duk gidan da ya gayyace ki, ko da jiya bai burge ki ba. Kada ki biye wa shafukan intanet da ke jera gidaje wai wannan na sama wannan na ƙasa. Masu rubuta su ba su za su zauna da ke ranar da zazzaɓi ya kama ki nesa da gida ba. Gidan da ya sake kiranki ya ga wani abu a tare da ke, ki ba shi dama ta biyu.

Daren fifiko da takardar MRABA

Zagayen ƙarshe babu tafi babu ihu. Za ki tarar da furanni, da waƙa a hankali, wata da kuka saba a makon za ta zauna da ke kusan awa guda tana gaya miki abin da gidan ya yi mata. Mutane kan yi hawaye. Daga nan za a wuce da ke wani ɗaki ba tare da kin yi magana da kowa ba, a ba ki takardar da ake kira MRABA ki jera zaɓinki ki sa hannu. Ki karanta ta da idon basira, domin yarjejeniya ce mai ɗaurewa.

Idan kika rubuta gida a takardar kuma shi ya ɗauke ki, sannan kika ce ba ki so, ba za ki iya shiga wata ƙungiyar NPC a wannan jami'a ba sai zaɓen shekara mai zuwa. Idan kika je duk gidajen da suka gayyace ki a zagayen ƙarshe kuma kika rubuta su duka, tsarin yana ƙoƙarin sama miki gurbi a ɗayansu ko da adadinsu ya cika. Idan kuma kika rubuta ɗaya tak alhali biyu kika je, an yarda, amma kin rasa wannan kariya, kina iya tashi babu ko ɗaya. Za a ba ki shawarar ki rubuta duka biyun, kuma ga mafi yawan mutane shawara ce mai kyau. Ni dai abin da zan ce: kada ki rubuta sunan gidan da kin san a ranki ba za ki shiga ba, ko don kuɗinsa ko don abin da kika gani. Wadda ba ta samu gurbi ba, ko ta fita ba ta sa hannu ba, tana da damar bin hanyar da ake kira COB, inda gidajen da ke da sauran gurbi ke karɓar mutane a hankali bayan an gama hayaniya, a kan shayi ko cin abinci. Ga mai kunya ko baƙuwa, wannan hanya sau da yawa ta fi dacewa.

Ranar buɗe ambulan, da abin da ke bayanta

Ana kiran ranar Bid Day. A Alabama a filin ƙwallo na Bryant-Denny ake tara 'yan matan, kowace da ambulan ɗinta, a buɗe a lokaci guda, sannan a ruga da gudu zuwa sabon gida. Ki yi murnarki, amma ki sani har yanzu ba ki zama cikakkiyar 'yar ƙungiya ba. Akwai makonni, galibi shida zuwa takwas, na koyon tarihi da dokoki, a ciki za a haɗa ki da wata babba da za ta zama yayarki a gidan.

A cikin makonnin nan ne za ki yi tambayar da na ce zan dawo kanta. Mata Kiristoci ne suka kafa yawancin ƙungiyoyin a ƙarni na 19, kuma bikin shigarwa na wasunsu yana da addu'a ko karatu daga Littafi Mai Tsarki, wasu kuma suna da alamomin da aka aro daga tatsuniyoyin allolin Girka. Matan Yahudawa ma sai da suka kafa nasu, Alpha Epsilon Phi a 1909 da Sigma Delta Tau a 1917. Ba za a karanta miki abin da ke cikin bikin ba, amma kina iya samun shugabar gidan ko mai kula da sababbi ki ce mata kai tsaye: ni Musulma ce, akwai durƙuso ga wani abu, ko rantsuwa da wanin Allah, ko kalmar da ta saɓa wa imanina? In akwai, ana iya ɗauke mini? Kirista mai riƙo da addininta ita ma tana da irin wannan tambaya. Ki kai amsar wurin malamin da kika yarda da shi ko limamin masallacin jami'a. Ki yi wannan kafin ranar bikin, domin kafin shigarwa kina iya janyewa ki jira wata shekara, amma da zarar an shigar da ke ƙungiyar NPC guda, ba za ki taɓa shiga wata daga cikin 26 ɗin ba har abada, ko da kin fita, ko da kin canza jami'a.

Sai batun gallaza wa sababbi. Duk ƙungiyoyin sun haramta shi a rubuce, yawancin jihohi sun mayar da shi laifi, kuma a Disambar 2024 shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya sa hannu kan dokar tarayya da ta wajabta wa jami'o'i bayyana rahoton irin waɗannan laifuka. Ki nemi rahoton a shafin jami'arki ki ga ko sunan gidanki na ciki. Idan aka tilasta miki shan wani abu, ko aka hana ki barci, ko aka wulaƙanta ki da sunan gwaji, ko aka ce kada ki gaya wa kowa, ki tashi ki fita a lokacin, ki kai ƙara ofishin kula da harkokin ɗalibai. In akwai wadda ta faɗi ko ba ta cikin hayyacinta, ki kira 911, lambar agajin gaggawa ta Amurka, kafin ki kira kowa.